Waya, Hanya da Suna: Gano Matsalar Haɗin Intanet ta Tarho a Tsarin Unix

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce an bar jaki ana dukan taiki. Da wuya a sami fagen da wannan karin magana ya dace da shi kamar fagen gyaran haɗin kwamfuta da intanet. A shekarun 1990, ma'aikaci kan zauna a ofis da rahoton da tilas ya isa hedikwata kafin a tashi aiki. Sai ya sa kwamfuta ta buga lamba, na'ura ta yi ta ƙara har ta yi shiru, ya rubuta sunan wurin da yake nufi, sai allo ya amsa masa da cewa ba a san wannan suna ba. Daga nan zargi ya tashi ke nan. Wani ya ce waya ce ta lalace, wani ya ce kwamfutar ce ta tsufa, wani kuma ya ɗora wa kamfanin da ake biya kuɗin haɗi. Ana cikin wannan gardama kuɗin tarho na ta hauhawa, domin a wurare da dama da minti ake lissafi. Sau da yawa kuwa abin da ya hana ruwa gudu bai wuce layi guda na rubutu da ya ɓace daga cikin wani ɗan ƙaramin fayil ba.

Manufar wannan lacca ita ce ta bayyana yadda haɗin intanet ta wayar tarho yake aiki a kwamfutocin da ke bin tsarin Unix, da wuraren da yakan tsinke, da kuma dabarar da masana suka bi wajen gano bakin zaren. Ko da yake wannan hanya ta haɗi ta zama tarihi a yawancin ƙasashe, dabarar binciken tana nan da ranta, kuma rabin matsalar, watau ta suna, har yau ana fama da ita.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

An ƙirƙiro Unix a shekarar 1969 a ɗakunan bincike na kamfanin Bell da ke Amurka, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie. Daga baya ya yi 'ya'ya da jikoki, kamar BSD na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, da kuma Linux wanda wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Abin da ya haɗa wannan zuriya shi ne al'ada guda: kusan duk wani umurni da ke tafiyar da kwamfutar yana rubuce cikin fayil na rubutu zalla, wanda mutum zai iya buɗewa ya karanta, ya kuma gyara. Wannan al'ada ita ce ta sa gano matsala a Unix ya zama aikin karatu da lura.

Wayar tarho kuwa don muryar ɗan Adam aka yi ta, ita kuma kwamfuta ba ta san kome ba sai sifiri da ɗaya, waɗanda ake kira bit. Saboda haka aka buƙaci tafinta a tsakani, shi ne modem. Aikinsa shi ne ya mai da lambobi su zama sauti a wannan gefe, takwaransa na can gefen ya mai da sautin ya koma lambobi. Saurinsa ya taso daga bit 300 a sakan guda, ya kai 14,400 a 1991, da 28,800 a 1994, har ya tsaya a wajen 56,000 a 1998. Wannan na ƙarshe daidai yake da haruffa kamar 7,000 a sakan, in kome ya tafi daidai, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

A Nijeriya wannan hanya ce ta fara kawo intanet cikin ofisoshi da jami'o'i da shagunan haya, a kan layukan kamfanin NITEL. Kafin zuwan wayar salula ta GSM a 2001, layukan tarho na ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'a sun haura miliyan 100. Layi guda kan yi wa ofis guda hidimar kira da ta intanet baki ɗaya, don haka duk mintin da aka ɓata wajen lalube asara ce ga kowa.

3.0 Matakai Huɗu

Abin da mai amfani yake gani a matsayin aiki guda, a haƙiƙa ayyuka huɗu ne, kowanne a kan kafaɗar na ƙasa da shi yake tsaye. Ana iya kwatanta su da baƙon da ya nufi wani gida a birnin da bai sani ba. Na farko, sai ya sami abin hawa da zai kai shi: wannan shi ne modem da waya. Na biyu, sai ya yi sallama, an amsa, an san ko shi wane ne: wannan ita ce gaisuwar da kwamfutoci biyu ke yi. Na uku, sai ya san ƙofar da zai bi: wannan ita ce hanya. Na huɗu, sai ya sami wanda zai gaya masa inda gidan wane yake: wannan shi ne fassara suna zuwa adireshi.

Ƙa'idar bincike guda ce tak. A fara daga ƙasa, kada kuma a hau mataki na gaba sai an tabbatar da na baya. Wanda ya tsallake wannan ƙa'ida zai iya kwana yana gyaran abin da lafiyarsa lau.

4.0 Mataki na Farko: Modem da Waya

A Unix kowace na'ura suna gare ta kamar na fayil. Kafar farko da ake jona modem a Linux ita ce /dev/ttyS0, ta biyu /dev/ttyS1. Kuskuren farko da akan yi shi ne a nuna wa manhaja kafar da ba ita ba, ko kuma a tarar ba a ba mai amfani izinin taɓa ta ba. Har ila yau, manhajar da ta riƙe modem takan ajiye wata 'yar alama a /var/lock don kada wata ta shigo mata. In wuta ta ɗauke ba zato, alamar takan saura, sai kwamfuta ta dinga cewa modem yana cikin aiki alhali zaune yake.

Hanyar gwaji ita ce a yi magana da modem kai tsaye ta manhaja irin minicom ko cu. Harshen da yake ji shi ne wanda kamfanin Hayes ya fito da shi a 1981, inda kowane umurni ke farawa da haruffa biyu, AT. In aka rubuta AT ya amsa da OK, to kafa da igiya da modem duk lafiya suke. In ya yi shiru, babu amfanin duba kome a sama. Akwai kuma wasu modem masu araha da aka ƙera a ƙarshen shekarun 1990, waɗanda rabin aikinsu manhajar Windows ce ke yi musu. Irin waɗannan sun wahalar da masu Linux ƙwarai, maganinsu galibi shi ne a sayi modem na waje mai zaman kansa.

Sa'an nan sai a gwada kira da ATDT tare da lamba. Amsoshin modem kaɗan ne, kowace da ma'anarta. NO DIALTONE na nufin bai ji sautin nan da akan ji in an ɗaga kan tarho ba. Ko dai layin ya mutu, ko igiya na cikin ramin da ba nata ba, ko kuwa sautin ƙasar ya bambanta da wanda aka koya wa modem ɗin. A wannan hali na ƙarshe umurnin ATX3 kan sa ya buga ba tare da jira ba. BUSY na nufin layin can gefen a cike yake, sai haƙuri. NO CARRIER na nufin an buga amma modem biyun ba su daidaita murya ba. CONNECT ita ce amsar da ake nema.

Akwai ƙananan abubuwa uku da suka sha ruɗa mutane. Tsofaffin cibiyoyin tarho ba su gane bugun sauti, sai bugun ƙwanƙwasa irin na tarho mai juyawa, don haka ATDP ake rubuta musu. Layin ofis kuma yakan buƙaci a fara buga wata lamba, kamar 9 ko 0, kafin a fita waje, a biyo ta da waƙafi don modem ya dakata sakan biyu. Na uku, in layin na da tsarin sanar da shigowar wani kira, ƙarar sanarwar kan yanke haɗi. Da damina kuma laima kan shiga mahaɗar wayoyi ta haifar da ƙara, sauri ya ragu ko haɗi ya dinga tsinkewa, tsawa kuma kan bi waya ta ƙone modem. Tarho na hannu da kunnen mutum sun isa su gano layi mai ƙara.

5.0 Mataki na Biyu: Sallama da Gaisuwa

Samun CONNECT isa ƙofar gida ne kawai. Saura a yi sallama. Ƙa'idar da ta fi yaɗuwa don wannan aiki ita ce PPP, wadda aka daidaita a 1994, ta maye gurbin wata tsohuwa mai suna SLIP. A Linux manhajar pppd ce ke gudanar da ita, wata ƙarama kuma mai suna chat ita ke buga lamba a madadinta.

Gaisuwar kashi uku ce. Da farko ɓangarorin biyu su yarda a kan yadda za a ƙunshe saƙo. Sa'an nan mai kira ya gabatar da kansa da suna da kalmar sirri, ta hanyar PAP ko CHAP. Bambancinsu shi ne, a PAP kalmar sirrin kanta ake aikawa, a CHAP kuwa mai gida kan jefo tambaya, mai kira ya ba da amsar da ba mai iya lissafa ta sai wanda ya san kalmar. Ana ajiye waɗannan bayanai a /etc/ppp/pap-secrets ko /etc/ppp/chap-secrets. A ƙarshe mai gida ya ba baƙo adireshin aro, wanda zai riƙe har ya ajiye waya.

Duk abin da ya gudana a wannan gaisuwa kwamfuta na rubuta shi a littafin rajista, wanda a yawancin Linux na wancan zamani shi ne /var/log/messages. In aka ƙara kalmar debug cikin umurnin pppd, sai ta rubuta zancen filla-filla. Duk ma'aikacin gwamnati ya san in takarda ta ɓace rajista ake fara dubawa, haka abin yake a nan. In rajista ta nuna an yi ta sallama ba a amsa ba, to mai yiwuwa can gefen yana jiran a rubuta masa suna ne da hannu kafin ya fara PPP. In ta nuna an ƙi karɓar shaida, to suna ko kalmar sirri ne ba daidai ba, a kuma tuna Unix na bambanta babban baƙi da ƙarami. In kuwa ta nuna kwamfutar gida ce ke neman kamfanin ya gabatar mata da kansa, to baƙo ne ke tambayar mai gida takardar shaida; kalmar noauth ita ke kawar da wannan. Alamar nasara ita ce umurnin ifconfig ya nuna wata sabuwar kafa mai suna ppp0 tare da adireshinta.

6.0 Mataki na Uku: Hanya

Adireshin intanet na asali lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, alal misali 192.0.2.10. Kwamfuta na riƙe da jadawalin da ke gaya mata ta wace ƙofa za ta fitar da saƙon kowane adireshi. Layi mafi muhimmanci a jadawalin shi ne na babbar ƙofa, watau inda za a tura duk saƙon da ba a san hanyarsa ba. Umurnin netstat -rn ke nuna wannan jadawali.

In ba a sa kalmar defaultroute cikin umurnin pppd ba, haɗi zai tsaya daram amma ba abin da zai fita. Wata matsalar ta fi wannan ɓoyuwa. Kwamfutar da ke jone da sauran kwamfutocin ofis takan riga ta sami babbar ƙofa da ke kallon cikin gida, ita kuwa pppd ba ta ture ƙofar da ta tarar. Sai saƙo ya dinga kewaya ofis, waya na buɗe, kuɗi na tafiya.

Ma'aunin wannan mataki shi ne ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a 1983. Aikinsa shi ne ya aika ɗan saƙo ya jira amsa. Ana gwada shi hawa-hawa, kuma da lamba, ba da suna ba. A fara da 127.0.0.1, wanda shi ne adireshin da kowace kwamfuta ke kiran kanta da shi. Sai adireshin can ƙarshen waya. Sai kuma wani adireshi mai nisa da aka san lambarsa. Inda amsa ta tsaya, nan gizo ke saƙa. Manhajar traceroute, wadda Van Jacobson ya rubuta, takan lissafa zango-zangon da saƙo ya bi har inda ya maƙale. In kuwa ƙananan saƙonni na wucewa amma manya na tsayawa, akan rage girman ƙunshin saƙo daga 1,500 zuwa 576.

7.0 Mataki na Huɗu: Suna

Suna linzami ne, in ji Hausawa, amma kwamfuta da lamba kaɗai take tafiya. Tilas a sami mai fassara. A zamanin ARPANET, kakar intanet, fayil guda ne mai suna HOSTS.TXT ke ɗauke da sunayen dukan kwamfutoci da lambobinsu. Wata cibiya a SRI ta jihar Kalifoniya, ƙarƙashin Elizabeth Feinler, ita ke kula da shi, kowa ya kwafa daga can. Da kwamfutoci suka yawaita abin ya gagara, sai Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983.

Tsarin DNS ya yi kama da na sarauta. Mai neman gidan wani ya je fada, a ce masa wannan ƙasar hakimi wane ce; hakimi ya tura shi wurin dagaci, dagaci ya tura shi wurin mai unguwa, wanda shi ne ya san gidan. Haka ake karanta suna daga dama zuwa hagu. A can ƙoli akwai tushe, mai sunaye 13 daga A zuwa M. Ƙarƙashinsa akwai yankuna kamar .com, da .ng na Nijeriya, da .ne na Nijar. Kowane mai riƙe da yanki ya san na ƙasa da shi kawai. Kwamfutar gida ba ta yin wannan yawo da kanta. Takan tambayi ma'aikatar sunaye ta kamfanin haɗi, ita ta yi yawon, ta kawo amsa, ta kuma riƙe amsar na wani lokaci saboda mai tambaya na gaba.

To, ta yaya kwamfutar gida za ta san inda wannan ma'aikata take? A fayil ɗin /etc/resolv.conf ake rubuta mata, da layi irin wannan:

nameserver 192.0.2.53

Abin lura a nan shi ne, lamba ake rubutawa, domin ba ya yiwuwa a nemi mai fassara suna da suna. Layi uku irin wannan kaɗai ake karantawa. In na farko bai amsa ba, sai an jira sakan biyar kafin a wuce na biyu, wannan ne ya sa matacciyar lamba a layin farko ke sa kowane shafi ya yi nawa kafin ya buɗe.

Alamar cutar suna a fili take: ping da lamba yana aiki, ping da suna ba ya aiki. Duk wanda ya ga haka ya bar modem da waya su huta. Dalilan da aka fi samu su ne waɗannan. Fayil ɗin babu shi, ko yana nan amma wayam. Ko an rubuta sunansa resolve.conf da ƙarin wasalin e, alhali babu shi a ciki; ɗalibin Hausa da ya san tazarar da ke tsakanin baki da baƙi ba zai yi mamakin ɓarnar harafi guda ba. Ko kamfani ya sauya lambar ma'aikatarsa ba a gyara ba. Ko an sa kalmar usepeerdns don pppd ta karɓo lambobin da kanta, amma ta ajiye su a /etc/ppp/resolv.conf, ba a kuwa kwafo su zuwa inda ake dubawa ba. Ko kuma katangar tsaro ta toshe ƙofa mai lamba 53, wadda ta nan tambayar suna ke fita.

Daɗin daɗawa, tsohon fayil ɗin nan na sunaye bai mutu ba, yana nan da sunan /etc/hosts. Wani fayil kuma, /etc/nsswitch.conf, shi ke faɗin wanda za a fara tambaya, da layi kamar haka:

hosts: files dns

In kalmar dns ta faɗi daga wannan layi, ba za a taɓa tambayar waje ba, kome kyan resolv.conf. In kuma akwai tsohuwar lamba a /etc/hosts, ita za a bi, a bar ta gaskiya. Haka nan in sunan kwamfutar kanta ba ya cikin /etc/hosts, manhajar wasiƙu irin sendmail takan tsaya cik lokacin kunnawa tana neman sunan gidansu a waje, alhali ba a ma buga waya ba tukuna. Manhajojin nslookup da dig suna ba mai bincike damar tambayar wata ma'aikata kai tsaye. In ta amsa musu amma sauran manhajoji sun kasa, to laifin na cikin fayilolin gida. Sa'an nan tsofaffin manhajoji sau ɗaya suke karanta resolv.conf, lokacin da aka buɗe su, don haka bayan gyara sai an rufe su an sake buɗewa.

8.0 Abin da Ya Saura a Yau

Ƙarar modem ta ɗauke daga ofisoshi, har kamfanin AOL na Amurka, wanda ya yi suna da wannan sana'a, ya rufe ta a watan Satumba na 2025. Amma da tsohuwar zuma ake magani. PPP na nan cikin haɗin gidaje da yawa da sunan PPPoE, umurnin AT na nan cikin modem na salula, resolv.conf kuma na nan, sai dai a Linux da dama yanzu manhaja ce ke rubuta shi, umurnin ip kuma ya gaji ifconfig da netstat.

Matsalar suna ma ba ta tsufa ba. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace daga duniya na wajen awa shida. Wani kuskure da aka yi lokacin gyara ne ya sa aka janye hanyoyin da ke kaiwa ga ma'aikatun sunayen kamfanin, sai ya zamana ba mai iya fassara sunansu zuwa lamba. Watau mataki na uku ne ya rushe, ya tafi da na huɗu. Masu ciniki ta waya a Kano da Maraɗi sun ji a jikinsu a wannan rana, da yawa kuma sun yi ta kashe waya suna kunnawa, suna zargin layinsu.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, tambayoyi huɗu ne mai bincike zai yi, bi da bi. Modem ya amsa OK, ya kuma ce CONNECT? Kafar ppp0 ta bayyana da adireshi? Ping da lamba ya dawo? Ping da suna ya dawo? Tambayar farko da aka amsa da a'a, a nan cutar take, a nan kuma za a tsaya. A karanta rajista kafin a taɓa kome, a sauya abu guda a lokaci guda, a kuma ajiye kwafin kowane fayil kafin a gyara shi.

Ga ɗalibi da ma'aikaci, ribar wannan ilimi ta wuce kwamfuta. Wanda ya kira mai gyara ya ce masa intanet ba ta aiki, ya ba shi aikin yini guda. Wanda kuwa ya ce lamba na tafiya amma suna ba ya tafiya, ya riga ya yi kashi uku cikin huɗu na aikin, saura a buɗe fayil guda a duba layi guda.